Yadda Ake Kafa Intaranet a Kamfani Don Aiki Ya Ci Gaba Ko da Intanet Ta Yanke

A ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, cikin kwanakin farko na watan azumi, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. A wannan rana manhajojin bankuna da dama sun wahalar da jama'a a Najeriya, kuma ɗan kasuwar Gombe wanda bai taɓa ganin teku da idonsa ba ya tsinci kansa yana jiran gyaran da sai da jirgin ruwa ake yin sa. Yawancin intanet ɗin da muke amfani da ita a nan takan sauka ne a Legas, sannan ta ratso jihohi ta cikin wayoyin faiba, masu zaren gilashi a ciki, da aka binne a gefen tituna, har ta iso turakun sadarwa da ke cikin gari. Motar haƙa guda ɗaya a wurin aikin titi ta isa ta tsinke wannan hanya, haka ma ƙarewar dizal a gindin turke. Ga kuma abin da ya faru a Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa na jihar saboda dalilan tsaro, aka yi makonni babu kira babu data.

Duk wanda ya ɗora rasit ɗinsa da lissafin kayansa da albashin ma'aikatansa a kan wannan doguwar hanya, ya damƙa mabuɗin shagonsa ne a hannun mutanen da bai sani ba. Maganin wannan shi ne intaranet, wato hanyar sadarwa ta cikin gida wadda kamfani ke mallaka, kuma ba mai shigar ta sai ma'aikatansa. Da kayan da aka gina intanet ake gina ta: ƙa'idar TCP/IP da kwamfutoci ke magana da juna da ita tun 1983, da fasahar shafukan yanar gizo wadda Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarinta a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai a 1989. Ma'aikaci zai buɗe burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, kamar yadda ya saba, ya rubuta adireshi, shafi ya buɗe, sai dai shafin ya fito ne daga wata kwamfuta da ke bayan ofishin manaja maimakon ya taso daga Amurka ko Turai. Wannan kwamfuta ita ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Amfanin tsarin shi ne ba sai an ɗora manhaja a kan kowace na'ura ba, domin duk abin da ke da burauza, har wayar hannu, zai iya aiki.

Aikin yana farawa ne da takarda da biro, kafin a sayi ko da inci ɗaya na waya. A ɗauki misalin kamfanin da ke sayar da taki da irin shuka da maganin feshi, wanda ke da babban shago a Babbar Kasuwar Gombe, da sito a Tumfure, da reshe a Kumo. Mai kamfanin da manajansa za su zauna su rarrabe ayyukansu. Akwai waɗanda dole su ci gaba ko da duniya ta ɗauke sabis, irin su yanke rasit, da rage kaya daga lissafin sito, da duba bashin abokin ciniki, kuma waɗannan su ne za su zauna a kan saba ta cikin gida. Akwai waɗanda ba yadda za a yi da su sai da intanet, kamar tura kuɗi ta banki, da na'urar POS, da imel, da cike takardun haraji. Sauran kuma, kamar rahoton cinikin rana da reshe ke aikowa, suna iya jira har sabis ya dawo. Wanda ya tsallake wannan zama yakan kashe kuɗi mai yawa ya gina abin da ba ya buƙata, ya bar abin da zai tsayar masa da ciniki.

Wuta, ƙura da tsawa

A ganina, kafin a yi maganar masu kutse ya kamata a gama maganar wuta, domin abin da ya fi kashe intaranet a wannan yanki shi ne ɗauke wuta da dawo da ita babu shiri. Gombe da Bauchi suna ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos, kuma kowa ya tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da matsalar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki masu yawa. Saba ba ta son a kashe ta kwatsam, saboda idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubuta bayani a faifai, lissafin wannan rana na iya gurɓacewa, wani lokaci ma rumbun bayanan gaba ɗaya ya ƙi buɗewa.

Saboda haka a ware wa saba da rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da intanet, da suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa, layin wutarsu na kansu, mai inbata da batir da sola. Lissafin ba shi da wuya. Idan waɗannan na'urori gaba ɗaya suna shan wat 100, to a awa 10 za su sha wat-awa 1,000. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma idan na dalma ne, irin wanda aka fi samu a kasuwa, bai kamata a riƙa zuƙe fiye da rabinsa ba in ana son ya yi ƙarko, kenan abin da ake da shi a zahiri bai wuce 1,200 ba, kuma inbata ma tana cin nata rabon. Batirin litiyam ya fi tsada, amma ya fi jure zuƙa kuma ya fi daɗewa. Tun da haka lissafin yake, gara a sayi ƙaramar kwamfuta mai ƙarancin shan wuta a matsayin saba, a kan a ɗauko tsohuwar babbar saba ta gwanjo wadda fankokinta ke ruri kamar injin niƙa.

Wannan layi kuma a tsare shi da gaske. Na taɓa zuwa wani ofis da ake kukan cewa saba na mutuwa kullum da safe, aka canja batir, aka zargi inbata, har aka fara zargin wanda ya haɗa aikin. Da na kwana biyu ina lura, sai na ga masinja yana shigowa da misalin ƙarfe takwas da rabi, ya zare wayar firinta daga soket ɗin inbata, ya soka hitar dafa ruwan shayi, wadda ita kaɗai ta ninka duk kayan ɗakin sau goma wajen shan wuta. Ba mugunta ba ce, soket ya gani mai wuta ya yi amfani da shi. Tun daga ranar nake ba da shawara cewa kada a bar soket ko ɗaya a buɗe a kan layin saba, kuma a sa kayan a cikin akwati mai makulli.

Ƙura da zafi su ne na biyu. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan cika fankar kwamfuta da wani irin gari mai laushi, sannan zafin Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40, ya zo ya tarar da na'urar ba ta iya shaƙar iska. A ɗora saba a kan kanta nesa da ƙasa da taga, a ɗakin da iska ke zagayawa, kuma a buɗe ta a hure ƙurar da abin hura iska aƙalla sau ɗaya bayan hunturu. Da damina kuwa tsawa ce abin tsoro, domin takan biyo waya ta ƙone rauta da suwic a lokaci guda. A tabbata ginin yana da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa aka haɗa da wayarin, a sa na'urar kare hawan wuta, kuma kada a ja wayar sadarwa ta tagulla a sararin sama daga gini zuwa gini. Inda dole a haɗa gine-gine biyu, faiba ta fi, saboda gilashi ne a cikinta, ba ta ɗaukar lantarki.

Game da manhaja ba sai an tsawaita ba. Ubuntu, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kyauta ce kuma ta isa ta riƙe saba, Nextcloud na adana takardu da raba su, ERPNext ko Odoo suna riƙe lissafin kaya da ciniki, kuma waɗannan ukun duk ta burauza ake shigar su. A sa faifan ajiya biyu masu kwafin juna, domin idan ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Masu amfani da Windows su lura cewa kamfanin Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, don haka kada a gina sabon aiki a kanta.

Waya da adireshi

Duk na'urar da ba ta motsi, kamar kwamfutar kashiya da firinta da saba, a haɗa ta da waya, a bar Wi-Fi ga wayoyin hannu da kwamfutocin cinya. Wayar Cat6 ita ce daidai, kuma tsawonta daga suwic zuwa na'ura kada ya wuce mita 100. A kasuwa akwai wata mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa tagulla a sama, kuma gane ta ba wuya: a feɗe sili ɗaya a kankare shi da reza, idan fari ya bayyana a ciki, a mayar wa mai shago abinsa. Irin wannan waya takan karye a bakin filogi, ta riƙa aiki yau ta ƙi gobe, ta sa a yi ta neman laifi inda babu shi. A bi da waya ta cikin bututu, musamman a cikin silin, inda ɓeraye suka mayar da ita abin gwada haƙori, kuma a rubuta lamba ɗaya a bakinta biyu. Ga Wi-Fi kuma, zango biyu yake aiki da su: na 2.4 GHz ya fi ratsa bangon bulo, na 5 GHz ya fi sauri amma ba ya nisa, don haka ƙananan na'urori biyu a wurare daban sun fi babba ɗaya a kusurwa.

Kowace na'ura tana buƙatar adireshi. Tun 1994 aka ware wasu jerin lambobi don amfanin cikin gida kaɗai, waɗanda ba sa yawo a intanet: masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Rautoci da yawa suna zuwa daga kanti da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma a nan ne mutane da yawa ke shuka matsalar da za su girba nan gaba, domin ranar da aka zo haɗa shagon kasuwa da reshen Kumo, za a tarar duka biyun suna amfani da lambobi iri ɗaya, saƙo ya rasa gidan da zai nufa. Tun farko a ba kowane wuri jerinsa, misali 10.10.1 ga babban shago, 10.10.2 ga Tumfure, 10.10.3 ga Kumo. Saba da firinta a ba su adireshin dindindin wanda ba ya canjawa, sauran na'urori kuma rauta ta riƙa raba musu da kanta.

Akwai wani tarko da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ke sa a gina intaranet amma ta mutu tare da intanet. Ma'aikata ba za su haddace lambobi ba, suna za a ba saba, kuma dole ne wata na'ura ta riƙa fassara sunan zuwa lamba. Idan wannan mai fassara yana waje, to da zarar sabis ya ɗauke, kashiya zai rubuta sunan, burauza ta ce ba ta san wurin ba, alhali sabar tana nan taku biyar daga kujerarsa tana aiki lafiya lau. Dole a ɗora wannan aiki a kan rauta ko a kan sabar kanta. Haka kuma wasu shafukan da masu haɗa manhaja ke ginawa sukan ɗauko salon rubutu ko wasu ƙananan fayiloli daga intanet duk lokacin da aka buɗe su, wasu manhajojin kuma sai sun tuntuɓi kamfaninsu sun tabbatar da lasisi kafin su tashi. A tambayi mai sayar da manhaja wannan a fili, kuma kada a wadatu da amsar baki, a zare layin intanet a gabansa a ga abin da zai faru.

Baƙi da kyamarori kuma a ware musu nasu sashe. Abokin ciniki da ya roƙi kalmar sirrin Wi-Fi ba shi da dalilin kasancewa a hanya ɗaya da lissafin kamfani, kuma yawancin rautoci suna da wurin buɗe layin baƙi wanda ke kaiwa intanet kawai. Kyamarorin tsaro sun fi kowace na'ura sakaci, domin sukan zo da kalmar sirri ta masana'anta wadda kowa ya sani. Da irin waɗannan kyamarori da rautoci ne muguwar manhajar nan Mirai ta tara runduna a 2016, har aka kai harin da ya hana shiga manyan shafuka a Amurka a watan Oktoba na shekarar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka ranar da aka kunna kowace na'ura a canja kalmar sirrinta.

Haɗa reshe da babban shago ya fi komai buƙatar natsuwa. Idan wuraren biyu suna cikin gari kuma ana iya hango rufin ɗaya daga ɗayan, ƙananan eriyoyi biyu masu kallon juna, irin na Ubiquiti ko MikroTik, za su haɗa su ba tare da sayen data ba, sai dai Gombe gari ne mai tudu da kwari, don haka a hau rufi a duba kafin a biya kuɗi. Wuri mai nisa kamar Kumo ko Bajoga ko Kaltungo kuwa sai ta intanet, a nan ne ake amfani da VPN, wato rufaffiyar hanya da ake haƙawa a cikin intanet, wadda duk abin da ya bi ta cikinta a kulle yake. WireGuard kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Wahalar ita ce layukan data na waya, har da Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023, sukan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, ta yadda daga waje ba a iya ƙwanƙwasa ƙofar mutum kai tsaye. Mafita ita ce a yi hayar ƙaramar saba a intanet wadda ɓangarorin biyu za su haɗu a kanta, ko a nemi adireshin dindindin daga mai ba da sabis. Abin da bai kamata a yarda da shi ba, komai matsin lamba, shi ne buɗe ƙofar saba ga duniya don Alhaji ya riƙa duba ciniki daga Makka ko Dubai, domin akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai laluben irin waɗannan ƙofofi. In yana son dubawa, a sa masa VPN a wayarsa. Kuma tun da reshen nesa ya dogara da sabis, a ajiye masa layuka biyu na kamfanoni daban, tare da littafin rasit mai kwafi wanda za a shigar da abin da ke cikinsa idan hanya ta buɗe.

Mutane da kwafin ajiya

A wani kamfani na ɗaga kibod ɗin kashiya na tarar da salatif manne a ƙasansa, an rubuta sunan shiga da kalmar sirri da jan biro, kuma da wannan suna ɗaya ma'aikata bakwai ke aiki. Da na yi magana, mai wurin ya ce, "Injiniya, ai duk yaran nan 'ya'yana ne da 'ya'yan 'yan'uwa, wa zan zarga?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zargi ba ne. Ranar da buhu 20 suka ɓace a lissafi, wannan tsari ne zai sa a zargi dukansu, har da wanda bai zo aiki ba." Ya yi shiru, can ya ce a yi yadda ya dace. Kowane ma'aikaci a ba shi sunansa da kalmar sirrinsa, kuma a ba shi ikon da aikinsa ke buƙata kawai: kashiya ya yanke rasit amma ba zai iya goge shi ba, mai sito ya shigar da kaya amma ba zai canja farashi ba. Wanda ya bar aiki a rufe sunansa a ranar, ko da an rabu lafiya. A hana soka filash ɗin da aka kai shagon buga takardu a kwamfutar ofis, kuma a koya wa kowa cewa saƙon da ya zo da gaggawa yana neman a danna wani wuri ko a turo lambar sirri abin tuhuma ne, ko da da sunan banki ya zo.

Wannan ba batun dabara ba ne kaɗai, akwai doka a kai. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane, irin su sunaye da lambobin waya da bayanan asusu, nauyin tsare su, kuma idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan, ana buƙatar sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72.

Faifai biyu masu kwafin juna da aka ambata a baya ba su ne kwafin ajiya ba, domin abin da aka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take, kuma gobara ko ɓarawo ba sa barin ɗaya su ɗauki ɗaya. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya daga ciki yana wani wuri daban. A aikace, saba ta riƙa kwafe kanta kowane dare zuwa wani faifai na waje, a tanadi irin wannan faifai guda biyu ana musanya su, ɗaya na ofis ɗaya na gidan mai kamfani, sannan in akwai hali a tura kulallen kwafi zuwa rumbun intanet cikin dare. Faifan da ke gida shi ne kariya daga manhajar garkuwa da bayanai, irin WannaCry da ta tsayar da asibitoci a Ingila a watan Mayu na 2017, saboda irin wannan manhaja tana kulle duk abin da ta tarar a haɗe da kwamfuta. Duk wanda ya ga yadda gobarar dare ke cin kasuwanninmu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan dalilin fitar da kwafi daga shago.

Kafin a sallami wanda ya haɗa aikin, a sa shi ya rubuta komai a littafi: jerin adireshi, da zanen inda kowace waya ta bi, da kalmomin sirri na rauta da saba, a sa waɗannan na ƙarshe a ambulan a rufe a ba mai kamfani, domin injiniya na iya komawa Abuja ko ya canja layi. Daga nan a zaɓi ranar da ciniki ke da sauƙi a yi gwaji. A zare layin intanet daga rauta, a kashe wutar gari da janareta, a ce wa kashiya ya yanke rasit, mai sito ya rage buhu ɗaya, manaja ya buga rahoton rana. Bayan haka a ɗauko faifan da ke gida, a zuba abin da ke cikinsa a wata kwamfuta daban, a nemo rasit ɗin makon jiya a ga ko yana nan da adadinsa daidai. Duk abin da ya ƙi aiki a rubuta shi a gyara, a rubuta kwanan wata a littafin, sannan a maimaita gwajin bayan wata uku da kuma duk lokacin da aka sauya rauta ko manhaja.